Tura wutar lantarki ta wayar netwok: abin da za ta iya ɗauka da abin da ba za ta iya ba

"Assalamu alaikum. Ina so in kafa kyamarorin tsaro guda huɗu da na'urar wayfai ɗaya a harabar wurin aikinmu. Wadda ta fi nisa tana wajen mita 70 daga ɗakin da na'urar naɗar hoto take, kuma babu soket a can. Ina da ragowar wayar netwok Cat5e kusan rabin kwali. Wani ya ce in yanke wayar adaftar bolt 12 in haɗa ta da silin da ba a amfani da su, wani kuma ya ce in tura wutar soket kai tsaye ta cikin wayar, sai in jona adaftar a can. Wanne ne daidai, kuma ba zai jawo gobara ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abubuwa uku: ko wayar netwok tana iya ɗaukar wuta, wace irin wuta, da kuma iya nisan da za ta kai ta. Tana iya ɗauka, kuma akwai ƙa'idar duniya da aka tsara musamman don haka, wato PoE (Power over Ethernet), tsarin tura wuta da bayanai ta wayar netwok guda. Sai dai shawarwarin nan biyu da aka ba ka babu wadda ta bi wannan ƙa'ida. Ta farko ba za ta yi aiki ba a mita 70, ta biyu kuwa tana iya kashe mutum.

Wutar soket ba ta da wuri a cikin wannan waya

Na fara da ita ne domin ita ce mai haɗarin rai. A cikin wayar netwok akwai sili takwas, an murɗe su biyu-biyu. A Cat5e kaurin kowane sili yawanci lamba 24 ne a ma'aunin AWG, wato faɗinsa kusan rabin milimita, girman bakinsa kuma kusan murabba'in milimita 0.2 ne. Wayar da ake ja wa fitilu a gini 1.5 ce, ta soket kuma 2.5. Birekar da ke tsaron layin soket, mai amfiya 16 ko 20, an zaɓe ta ne don ta kare waccan waya mai kauri. Idan aka sami matsala, amfiya 10 ko 15 suka bi ta sili mai 0.2, robar za ta narke ta kama wuta, ita kuwa birekar ba za ta ga dalilin faɗuwa ba, tunda ba a wuce adadinta ba.

Ko da a ce lodin ƙarami ne, siririyar robar da ke jikin silin ba a yi ta don bolt 230 ko 120 na wutar gida ba, kuma wayar ba ta da silin atin, wato wanda ake haɗawa da ƙasa, da zai kwashe wuta idan ta zube a jikin ƙarfe. Sannan duk wanda ya ga wayar netwok ya san ba ta jan mutum. Wata rana wani ma'aikaci zai zo gyara, ya yanke ta da hannu sake, ko ya matsa mata kai ya jona a kwamfuta. Shi ya sa ko don gwaji na minti biyar ban yarda a yi ba. In har ana buƙatar wutar soket a can, a ja mata wayarta daban a cikin bututunta, kuma ƙwararren mai aikin wuta ne zai ja.

Dalilin da bolt 12 ke kasawa a nesa

Wannan ba ta jan mutum, amma lissafi ne ke kayar da ita. Sili ɗaya na jan ƙarfe zalla mai lamba 24 yana da turjiya, wato tirjewar da waya ke yi wa wucewar wuta, kusan om 8.4 a kowace mita 100. Masu wannan dabara sukan haɗa shuɗin sili da abokinsa su zama fozitib, ruwan ƙasa da abokinsa su zama negatib. Haɗa sili biyu yana raba turjiyar biyu, amma wuta zuwa take yi ta dawo, don haka an koma om 8.4 a mita 100. A taka mita 70 ɗin, kusan om 6 ke nan.

Kyamara mai fitilun ganin dare tana iya jan wat 4 ko 5 da rana, amma da duhu ya yi fitilun suka kunna sai ta haura wat 10 zuwa 12, wato kusan amfiya ɗaya a bolt 12. Amfiya ɗaya ta ratsa om 6, bolt 6 sun zube a hanya. Mafi yawan abin da adaftar bolt 12 za ta iya isarwa ta cikin om 6 bai wuce wat 6 ba, komai girman adaftar. Saboda haka sayen adafta mai amfiya 5 ba ya magance komai, domin matsalar tana cikin wayar ne. Alamar da aka fi gani ita ce kyamara ta yi lafiya lau da rana, da almuru sai ta riƙa mutuwa tana tashi: fitilu su kunna, boltej ya faɗi, ta mutu, lodi ya sauka, boltej ya dawo, ta sake tashi, haka har gari ya waye. Mutane da yawa sukan canza kyamarar a banza.

Idan lodin amfiya ɗaya ne, kuma ana so kada a rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na boltej, iyakar wannan dabara mita 14 ce ko 15. Lodin rabin amfiya zai kai wajen mita 28. Akwai wani cikas kuma: silin nan huɗu suna zaman banza ne kawai a layin da gudunsa megabit 10 ko 100 ne. Layin gigabit yana amfani da duka takwas ɗin.

Yanzu ɗauki wat 12 ɗin nan a bolt 48. Abin da zai bi wayar kusan rubu'in amfiya ne, zubewar kuma bolt ɗaya da rabi, asarar da ke zama zafi ba ta kai rabin wat ba. Waya ɗaya ce, nisa ɗaya, lodi ɗaya. Wannan ne ya sa aka gina PoE a kan bolt 44 zuwa 57 na DC, wato wuta irin ta batir: ya isa ya rage yawan amfiya, kuma yana ƙasa da bolt 60, iyakar da ƙa'idojin tsaro ke ɗauka a matsayin ƙaramin boltej da ba ya hallaka mutum a busasshen wuri.

Yadda PoE na ƙa'ida yake aiki

Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da matakai uku. Na farko, 802.3af na shekarar 2003, yana ba da wat 15.4 daga tushe, ana tabbatar wa na'ura wat 12.95 a ƙarshen waya. Na biyu, 802.3at na 2009 wanda ake kira PoE+, wat 30 ne daga tushe, 25.5 a wurin na'ura. Na uku, 802.3bt na 2018, yana amfani da duka sili takwas, kuma yana da hawa biyu: wat 60 da ke isar da 51, da wat 90 da ke isar da 71.3. Bambancin da ke tsakanin lambobin biyu shi ne abin da aka ware wa asarar waya mai tsawon mita 100, wadda ita ce iyakar layin. A cikin ɗarin nan, 90 na wayar da aka binne ko aka kafe ne, 10 na gajerun wayoyin jonawa na ɓangarorin biyu.

Abin da ya sa tsarin ya zama amintacce shi ne suwic, wato akwatin netwok mai ramuka da yawa da ake jona wayoyin a jikinsa, ba ya sakin wuta haka kawai, sai ya yi sallama an amsa masa. Da farko yana tura ɗan ƙaramin boltej, tsakanin 2.7 da 10, yana neman turjiya ta kusan kilo-om 25 da ake sa wa duk na'urar da aka ƙera don karɓar PoE. In bai same ta ba, ba zai ba da wuta ba, bayanai kawai za su wuce. Shi ya sa za ka jona kwamfuta ko firinta a ramin PoE ba abin da zai same su. In ya same ta, sai ya ɗaga zuwa tsakanin bolt 15 da 20 ya tantance ajin na'urar, daga aji 0 zuwa 8, don ya san wat nawa zai ware mata. Bayan nan ne cikakkiyar wutar ke tafiya. Yana kuma ci gaba da lura: in aka zare wayar, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa zai yanke, in lodi ya wuce kima ko sili suka haɗu, nan ma zai yanke.

Wutar tana bi ta fil ɗin da ke kan wayar, wato na 1, 2, 3 da 6, ko ta 4, 5, 7 da 8, ko duka. Tushe ne ke zaɓa, kuma dole na'ura mai bin ƙa'ida ta karɓi ko wanne. Tana iya tafiya a sili ɗaya da bayanai domin a kowane rami akwai 'yan ƙananan taransifoma, ana shigar da DC ɗin ta tsakiyarsu, sili biyun da ke murɗe su ɗauki boltej iri ɗaya, saƙon kuma yana cikin bambancin da ke tsakaninsu.

Sai a yi hattara da wani nau'in da za ka ga an rubuta Passive PoE a jikinsa. Shi ba ya tambayar komai, da an kunna shi wuta na kan fil, yawanci bolt 24, wani lokaci 48. Kamfanoni irin su Ubiquiti da MikroTik sun yi na'urorin rediyo na netwok da yawa masu aiki da shi, kuma ba laifi ba ne in an haɗa injekta, wato ƙaramar na'urar da ke shigar da wuta cikin wayar netwok, da na'urar da aka yi ta dominta. Ɓarnar tana zuwa ne in an cakuɗa: injektar bolt 48 marar tambaya a kan rediyon bolt 24 tana ƙona shi nan take, kuma tana iya ƙona ramin kwamfuta. Akasin haka, rediyon bolt 24 a kan suwic mai bin ƙa'ida yawanci ba zai tashi ba ne kawai. Duk inda aka yi amfani da irin wannan injekta, a manna wa wayar alama a bakinta biyu, a rubuta boltej ɗin.

Abin da ya dace da aikinka

Duba bayan kowace kyamara ko takardarta. In an rubuta 802.3af ko 802.3at, aikinka ya yi sauƙi: suwic mai PoE, ko na'urar naɗar hoto mai ramukan PoE a jikinta, sai waya guda zuwa kowace kyamara. In kyamarorin na bolt 12 ne kawai, sayi sifilita mai bin ƙa'ida ga kowace. Ita ce ke amsa wa suwic, ta karɓi bolt 48, ta sauke shi zuwa 12 a gindin kyamarar, ta fitar da bayanai ta wani bakin. Tabbatar amfiyar da take fitarwa ta kai abin da kyamarar ke ja da dare. In na'ura ɗaya ce tak ke buƙatar wuta, injekta guda mai bin ƙa'ida ta wadatar, ba sai ka canza suwic ba.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne jimillar wat na suwic. Rubutun "ramuka takwas, wat 30 kowane" ba ya nufin wat 240. Nemi adadin da aka rubuta na jimilla, za ka iya tarar da 60 ko 120. Wasu suwic ɗin suna ware wuta ne bisa ajin na'ura, ba bisa abin da take ja a lokacin ba. A lissafinka, kyamara huɗu 'yan aji 3, wat 15.4 kowace, sun kama wat 61.6, na'urar wayfai 'yar aji 4 ta kama 30, jimilla 91.6. Mai wat 60 ba zai ɗauka ba, zai riƙa kashe ramukan da ba su da fifiko. Ɗauki mai 120, ka sami sararin ƙara kyamara nan gaba. Kyamara mai juyawa da zuƙo hoto, musamman mai hita a ciki, tana iya buƙatar PoE+ ko sama da haka.

Ingancin wayar da ke hannunka

Kafin ka ja ko mita ɗaya, gwada ragowar kwalin nan. Kasuwa cike take da wayar da ake kira CCA, wato alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe zalla da kusan rabi, don haka om 6 ɗin nan zai koma wajen 9. Tana ɗaukar zafi fiye da kima, tana karyewa in an lanƙwasa ta, kuma alminiyam yana yin tsatsar da ke hana wuta wucewa a daidai inda haƙoran kan waya suka cije shi. Nan ne zafi ke taruwa har roba ta yi baƙi. Ƙa'idojin Cat5e da Cat6 jan ƙarfe zalla suka yarda da shi, ko me aka buga a jikin kwalin.

Gane ta ba wuya. Feɗe sili ɗaya ka kankare shi da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Ko ka kara masa wutar ashana, CCA zai yi laushi ya lanƙwashe nan da nan, jan ƙarfe kuwa zai yi ja ya tsaya. Gwajin da na fi amincewa da shi na mita ne: murɗe sili biyu masu launi ɗaya a baki guda, ka auna turjiya a ɗaya bakin. Mita 70 ta jan ƙarfe mai lamba 24 za ta nuna kusan om 12, mita 100 kusan 17, kuma bai kamata ta wuce 19 ba. In ka ga 18 a mita 70, ajiye ta. Lissafin da na yi a sama duk na waya mai kyau ne, abin da mitarka ta nuna shi ne hukunci a kan taka.

Cat5e mai kyau ta isa aikinka. Ga lodin wat 60 zuwa 90 na fi son Cat6 ko Cat6A mai lamba 23, domin silinta ya fi kauri, zafinta ya fi ƙanƙanta. Siraran wayoyin jonawa masu lamba 28 a bar su gajeru a cikin akwatin na'urori.

Matse kai ma yana da nasa. Bi tsari ɗaya a baki biyun, kamar T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Sili biyun da ke murɗe ya kamata su raba wutar daidai, ƙa'ida ba ta yarda bambancin turjiyarsu ya wuce kashi 3 cikin 100 ba. In ɗaya bai ciju da kyau ba, wutar za ta karkata ga ɗayan, ɗan taransifoman ya cika, sai ka ga kyamara na da wuta amma hoto na yankewa, ko gigabit ya faɗo zuwa 100. Ƙaramar testa mai fitilu takwas ba ta nuna wannan, ita dai ta ga sili ya haɗu. In ka ga irin wannan alama, yanke kan ka sake matsa sabo kafin ka zargi na'ura.

Zafi, ruwa da tsawa

Waya biyar ba za su tara zafin da zai dame ka ba. Matsalar tana tasowa ne inda aka ɗaure wayoyi da yawa dam guda, kowace na ɗauke da lodi mai nauyi, ta tsakiya ba ta samun iska. Yawancin wayoyin an yi su ne don kada su wuce digiri 60, kuma shawarar masana'antar ita ce kada wutar ta ƙara musu fiye da digiri 15, kada dami ya wuce waya 24. Sararin da ke tsakanin silin ɗaki da rufin kwano yana iya kusantar iyakar nan tun ba a kunna komai ba, don haka a can a sassauta ɗauri, kada a cusa bututu ya cika. Kada kuma a haɗa ta bututu ɗaya da wayar wutar gida.

A waje, yi amfani da waya mai baƙar riga da aka yi don rana da ruwa, ko ka sa ta a bututu. Ruwa a kan fil mai ɗauke da DC yana cin ƙarfen da sauri, cikin 'yan makonni sai ka tarar fil ɗin sun yi kore ko baƙi. Sa murfin hana ruwa da ke zuwa da kyamarar, ka bar wayar ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau ta shiga, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a nan. Haɗin sifilita ya zauna cikin akwati mai rufi, bakin shigarsa yana kallon ƙasa.

PoE ba ya kare tsawa. Ko ba ta faɗo a kan wayar ba, tsawar da ta sauka kusa tana iya cusa mata boltej mai yawa ya bi ya ƙone ramin suwic. Kyamarar da ke kan dogon ƙarfe a fili tana buƙatar na'urar kare tsawa ta layin netwok wadda ta dace da PoE, a haɗa ta da atin na gaske da gajeriyar waya mai kauri. In babu atin, na'urar ba ta da inda za ta zubar da abin da ta tare. Tsakanin gini biyu masu atin daban-daban kuwa, faiba, wato wayar da ke kai bayanai da haske, ce ta fi, sai a sa ƙaramin suwic mai PoE a ginin na biyu. Haka ma in nisa ya wuce mita 100, ko da yake akwai na'urar ƙara zango da ake sawa a tsakiya. Maɓallin mita 250 da ke jikin wasu suwic yana sauke gudun zuwa megabit 10 ne, kuma ba ya cikin ƙa'ida.

In daga batir wutar za ta fito

Batir yana iya zubo ɗaruruwan amfiya in sili suka haɗu, siririn sili kuma zai yi ja cikin daƙiƙa. Duk wanda zai ɗora wayar netwok a kan batir kai tsaye, ko a gajeren zango ne, dole ya sa fis a daidai bakin batirin, kusan amfiya ɗaya in sili biyu ne zuwa biyu dawowa. Ko matakin PoE mafi ƙarfi bai yarda sili ɗaya ya ɗauki fiye da kusan rabin amfiya ba. Batirin da ake kira na bolt 48 ma ba a ɗora shi kai tsaye a madadin PoE, domin a lokacin caji yana iya haura 57, na lithiyam mai ƙwayoyin batir 16 yana kaiwa 58.4. Abin da ya dace shi ne suwic ko injekta mai karɓar DC na bolt 12 ko 24 ko 48 ta daidaita shi da kanta.

Kafin ka hau tsani, jona kowace kyamara a ƙasa da ainihin tsawon wayar da za ta yi aiki da ita, ka rufe idonta da hannu ko kwali har fitilun dare su kunna, ka bar duka biyar ɗin suna aiki tare na rabin awa. In babu wadda ta mutu ta tashi, kuma kawunan wayar ba su yi zafi a hannu ba, sai ka kafe su.